Kwana Biyar A Lakwaja, Magamar Kwara Da Binuwai

Ran nan, ana saura mako biyu a ba da hutun Kirsimeti, ina koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa a makarantarmu ta Ikkilisiya da ke Sabon Tasha. Na zana Kogin Kaduna a allo, na juyo na tambaye su, "To, mene ne amfanin wannan kogi a gare mu?" Wani ya ce ruwan sha. Wani ya ce kifi. Wani kuma, wanda ubansa ke tuƙa tifa, ya ce yashin gini. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, shi ne iyaka tsakaninmu da su."

Ba wanda ya yi dariya. Ba kuma wanda ya tambaye ta su wane ne "su". Duk ajin sun gane, ni ma na gane. Na tsaya da alli a hannu, na rasa abin da zan ce mata, gama ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta tarar ke nan. Tun bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002 mutanen Kaduna suka ja da baya da juna. Yawancin Kirista suka tattaru a kudancin kogi, a su Television, Narayi, Unguwar Romi, Unguwar Boro da Sabon Tasha. Yawancin Musulmi kuwa suka tattaru a arewa, a su Tudun Wada, Rigasa da Kawo. Yaran nan ba su san wata Kaduna ba sai wannan.

Ni kuwa na san wata. A Tudun Wada aka haife ni, a can na yi wayo, ban bar ta ba sai da wuta ta kore mu, ina ɗan shekara ashirin. Shi ya sa maganar yarinyar nan ta bi ni har gida, ta hana ni barci.

A cikin wannan hali ne wani abokina, wanda muka yi karatun difloma tare, ya aiko mini cewa in zo in yi hutu a wurinsa a Lakwaja, garin nan da ake rubutawa Lokoja a taswira. Shekara da shekaru ina zana garin a allo, ban taɓa sa ƙafa ba. Na ce wa uwargida, gani ya kori ji, bari mu je.

Hanya

Muka tashi daga tashar mota ta Television da sassafe ran 28 ga Disamba, ni da uwargida da ɗanmu na fari mai shekara 12. Ƙananan muka bar su wurin kakarsu. Muka bi ta Gonin Gora, Kateri, Jere da Tafa. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan tsakani ba mai hira a motar, kowa na addu'a a zuci, saboda sunan da hanyar ta yi wajen satar mutane. Allah dai ya kiyaye. Muka wuce Dutsen Zuma, muka sauka Zuba muka sake mota, sa'an nan sai Gwagwalada, Kwali, Abaji da Kotonkarfe.

Gaba kaɗan da Kotonkarfe, a Jamata, muka hau gadar Murtala Mohammed wadda ta ƙetare Kogin Kwara. Yaron ya leƙa ta taga, ya ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ya ce, "Baba, teku ke nan?" Na ce a'a, kogi ne. Ya yi shiru, gama shi a saninsa ba kogin da ya fi na Kaduna.

Muka shiga Lakwaja da la'asar. Mun baro Kaduna cikin rigunan sanyi, amma tun kafin mu sauka muka tuɓe su. Garin yana cikin kwari, tsakanin dutse da ruwa, zafinsa kuwa ba a magana. Shi ne babban birnin Jihar Kogi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, sunan jihar ma kalmarmu ce ta Hausa. Za ka ji Nufanci, Yarabanci, Igala da Igbirra a kasuwa ɗaya, da harsunan Oworo, Kakanda da Bassa Nge. Hausa kuwa ba ta bar mu a hanya ba, musamman a bakin ruwa. Sarkin garin ma Maigari ake ce da shi.

Bisa Dutsen Patti

Kashegari da safe, kafin rana ta yi zafi, abokina ya hau da mu Dutsen Patti, wanda ya tsaya a bayan garin kamar bango. Tsayinsa ya kai wajen ƙafa 1,500, samansa kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Akwai ɗan gidan hutawa na Gwamna Lugga a can har yanzu. Mutanen garin suna son su gaya wa baƙo cewa daga nan ne Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Lugga, ta dubi kogi ta raɗa wa ƙasarmu suna. Abin da aka tabbatar dai shi ne, ita ce ta ba da shawarar sunan Nijeriya a wata jaridar Landan a 1897.

Muka yi sa'a ba hazo sosai ran nan. Da muka tsaya a bakin dutsen muka fuskanci gabas, sai ga abin da ya kawo mu. Daga hagu Kogin Kwara yana gangarowa, mai faɗi, da tsibiran yashi farare a tsakiyarsa. Daga can gaba Kogin Binuwai yana tahowa. Suka gamu a ƙarƙashinmu, suka zama ɗaya, suka nufi kudu. Kwalekwale kuwa kamar tsinken ashana a bisa ruwan. A ofishin malamai na makarantarmu akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton Guilin, wani birni na ƙasar Sin a bakin Kogin Li, inda mutane ke kashe kuɗi mai yawa su je kallon ruwa da duwatsu. Na daɗe ina sha'awar hoton nan. Ashe muna da namu, tafiyar yini ɗaya daga gida.

Na zaro takardar naira daga aljihu, na nuna wa yaron tambarin Nijeriya, na ce ya dubi farin zanen nan mai reshe biyu a tsakiyar baƙar garkuwa, sa'an nan ya dubi ƙasa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Kai! Ashe shi ne!"

Sai halin malanta ya motsa mini. Na gaya masa Kwara ya taso tun daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali, ya wuce kusa da Tambutu, ya bi ta Yamai, tsawonsa duka wajen mil 2,600. Binuwai kuwa daga Kamaru ya fito, ya wuce Yola, Numan, Ibi da Makurdi, wajen mil 870. Sa'an nan na tambaye shi, "Ina ruwan Kogin Kaduna yake zuwa?" Bai sani ba. Na ce, kogin namu ya taso daga tuddan Jos, kusa da Vom. In ya wuce ƙarƙashin gadarmu, sai ya gangara madatsar Shiroro, ya wuce Zungeru da Wushishi, ya zuba cikin Kwara daura da Patigi, bayan tafiyar wajen mil 340. Watau ruwan da muke kallo daga wannan dutse, har da namu a ciki. Wanda ya wanke gaɓar kudu da wanda ya wanke gaɓar arewa, duk ga shi nan, ba mai iya rarrabewa.

A Cikin Kwalekwale

A rana ta uku muka gangara bakin ruwa. Mata na ƙyafe kifi, ga tarwaɗa, ga karfasa, ga giwan ruwa wanda sai mutum biyu ke ɗagawa. Uwargida ta tsaya ciniki, ta ce ita kam ƙafarta ba ta barin ƙasa. Ni da yaron muka yi jinga da wani dattijo Banufe mai kwalekwalen inji, ya kai mu magamar. Na nace sai an ba mu rigar hana nutsewa, ina kuwa roƙon duk mai karatu ya yi haka. Ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Patigi a Yuni 2023 ba, inda mutum fiye da 100 suka rasu suna komowa daga biki.

Da muka kai tsakiya, dattijon ya kashe inji ya ce, "Malam, duba." Ruwa biyu ne gefe da gefe, ɗaya ja-ja kamar kunun kanwa, ɗaya mai duhu-duhu da ɗan kore. Akwai layi a tsakaninsu kamar an ja da zare. Na ce, "Baba, ba sa gauraya ke nan?" Ya yi dariya ya ce, "Suna gauraya mana, amma ba nan take ba. Sai sun yi tafiya tare tukuna."

Azahar ta yi muna kusa da wani tsibirin yashi. Ya ce mu yi masa haƙuri. Ya tsaya da jirgin, ya miƙa wa ɗana igiya ya ce, "Jikana, riƙe mana." Ya yi alwala da ruwan kogi, ya shimfiɗa rawaninsa a yashi, ya yi salla. Ina kallon yaron. Ya riƙe igiyar nan da hannu biyu, idonsa na kan dattijon. Sai na tuna, wannan ne karo na fari a rayuwarsa da ya ga Musulmi yana salla kusa haka. Ni kuwa da nake kamarsa, kiran assalatu na masallacin layinmu ne ke tashe ni shirin makaranta.

A hanyar komowa dattijon ya ba mu labarin ambaliya. A 2012, da kuma 2022, kogunan nan biyu sun cika sun tumbatsa, suka shanye unguwanni kamar Ganaja, suka datse hanyar Abuja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Ya ce a ta 2022 ruwa ya kai tagar ɗakinsa. Shi da iyalinsa a ajin wata makarantar mishan suka yi makonni, su da Kirista da Musulmi, tukunya ɗaya. Ya ce, "Malam, ran da ruwa ya zo, bai tsaya karanta abin da aka rubuta a ƙofar gidan kowa ba."

Ƙarfen 'Yanci

A rana ta huɗu abokina ya zaga da mu wuraren tarihi. Ya nuna mana inda aka ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairu 1900, ranar da Lugga ya karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger. Daga Lakwaja ne hedkwata ta koma Jabba, sa'an nan Zungeru, kafin ta zauna a Kaduna a 1917. Ku lura, duk garuruwan nan huɗu a bakin kogi suke, gama a zamanin nan kogi shi ne babbar hanya. Muka ga maƙabartar Turawa, inda sojoji da 'yan kasuwa da 'yan mishan suke kwance, da yawansu samari ne waɗanda zazzaɓi ya kashe.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne wasu ƙarafa biyu da ke tsaye, waɗanda ake kira Ƙarfen 'Yanci. Kogunan nan sun daɗe suna ɗaukar bayi zuwa kasuwanni. Mutanen Lakwaja sun ce, a zamanin da ake yaƙi da cinikin bayi, duk bawan da ya tsere ya iso ya taɓa ƙarfen nan, ya zama ɗa, ba mai ikon kama shi. Na sa yaron ya taɓa, ni ma na taɓa. Mu da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla, kakanninmu sun san gudun mahara, sun san hawan dutse da dare. Ba sai an yi mana dogon bayani ba.

A nan kusa ne makarantar Holy Trinity take, wadda aka kafa a 1865, ake kuma lissafta ta a matsayin makarantar boko ta fari a Arewa. Ni malamin makarantar Ikkilisiya, na tsaya a gabanta kamar wanda ya zo gaida kakarsa.

Ta Nan Bishara Ta Shigo

Wanda ya kafa makarantar nan shi ne Samuel Ajayi Crowther. Bayarabe ne, an kama shi bawa yana yaro a 1821. Jirgin yaƙin Ingila ya ƙwace shi daga jirgin bayi a 1822, aka sauke shi a Saliyo, a can ya ba da gaskiya, ya yi karatu. A 1841 ya biyo ayarin jiragen ruwa uku da suka hau Kwara, suka buɗe gona a nan magamar. Tafiyar ba ta yi daɗi ba, Turawa fiye da 40 zazzaɓin cizon sauro ya kashe. A 1854 ya sake zuwa tare da Likita Baikie, suka hau Binuwai. A wannan karo kowa na shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. Baikie ya zauna a Lakwaja daga baya, ya ji Hausa, ya je har Kano a 1862, ya kuma juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa.

Akwai kuma wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schon, wanda ya yi tafiyar 1841 tare da Crowther. Ya fara koyon Hausa a bakin 'yantattun bayi Hausawa a Saliyo. Daga baya ya sami taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda shi ma an taɓa bautar da shi, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa bai fito ba sai 1932. In kun buɗe shi a sujadar iyali yau da dare, ku tuna akwai gumin bayi a cikin aikin.

A 1857 aka buɗe tashar mishan a Gbebe, a ƙetaren magamar, a can aka yi baftisma ta fari a 1862. A 1864 aka keɓe Crowther a Kantabari, ya zama Bishop baƙar fata na fari a Ikkilisiyar Angilikan. Bayansa waɗansu suka biyo wannan hanya ta ruwa. 'Yan mishan na SIM sun fara gwadawa a 1893, biyu daga cikin ukun suka mutu, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida. Sai a 1902 suka sami zama a Patigi, daura da bakin Kogin Kaduna, daga wannan aiki ne aka sami ECWA. A 1904 Karl Kumm da abokansa na SUM suka biyo ta Lakwaja, suka hau Binuwai zuwa Ibi, suka nufi Wase. A 1913 Likita Bronnum ya isa Numan. Saboda haka ko kai ɗan Angilikan ne, ko ECWA, ko COCIN, ko LCCN, in ka bi sawun bangaskiyarka baya, da wuya ba ka biyo ta wannan ruwa ba.

Bishop Da Etsu Nupe

Abin da ban sani ba sosai sai da na je, shi ne irin zaman da Crowther ya yi da Musulmi. Lakwaja a lokacin tana ƙarƙashin inuwar Etsu Masaba na Bida. Crowther yakan je Bida ya gaishe shi, ya kai wa sarakuna Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya zauna da malamai su yi magana cikin ladabi. Bai ɓoye bangaskiyarsa ba, bai kuma zagi tasu ba. Mutumin da mahara suka ƙone garinsu, suka raba shi da uwarsa, shi ne ya yi wannan. Amincin ya kai har a cikin shekarun 1880 Etsu Maliki ya rubuta masa takarda, yana roƙonsa ya taimaka a hana kawo barasa ƙasar Nufe, gama tana lalata jama'a. Ku duba fa, sarki Musulmi yana neman taimakon Bishop a kan abin da ya dami gidajensu duka.

Baƙin cikin da ya karya zuciyar tsohon nan kuwa ba daga Musulmi ya fito ba, daga cikin gida ne. A 1890 waɗansu samarin 'yan mishan daga Ingila suka tuhumi ma'aikatansa baƙaƙe, suka dakatar da su a gaban idonsa, suka raina shi. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Sai a 2014 Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya fito fili ya ce abin da aka yi masa ba daidai ba ne.

A daren 31 ga Disamba ɗin ne muka je sujadar shiga sabuwar shekara a wata majami'a da ake yi da Hausa. Ana ta waƙa da kiɗa, ni kuwa zuciyata na wani wuri. Na ce a raina, da mutanen nan sun ɗauki kogi iyaka, da bishara ba ta iso gidan ubana ba. Su kogi hanya ne a gare su, hanyar zuwa wurin baƙo. Mu da muka ci moriyar ƙetarewarsu, mu ne kuma muka koya wa 'ya'yanmu cewa kogi bango ne.

Sai na tuna da Yakubu a Littafin Farawa, sura 32 da 33. Shekara ashirin ya yi rabonsa da ɗan'uwansa Isuwa. Da ya zo mashigin Yabbok tsoro ya kama shi ƙwarai, ya yi addu'a, ya aika da kyautai gaba, ya kwana yana kokawa. Amma da gari ya waye sai da ya taka da ƙafarsa ya je. Na ƙirga nawa shekarun, na ga sun wuce na Yakubu.

Da Muka Komo Gida

Ga abin da ban gaya muku ba tun farko. A Fabrairu 2000, sa'ad da layinmu ya kama wuta, maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, shi ya buɗe ƙofarsa ya shigar da mu, mu bakwai, har cikin ɗakin matarsa. Kwana biyu muka yi a can. Shi ya tsaya a zaure ya hana a shiga, shi ya nemo sojojin da suka fitar da mu. Bayan ƙura ta lafa Baba ya sayar da gidan, muka koma kudu. Da fari mukan aika gaisuwa. Daga baya sai yau, sai gobe, har zumunci ya mutu. Ina hawa gada in je ofis ko babbar kasuwa, amma ban taɓa karkatawa zuwa layinmu ba.

Muka komo Kaduna ran 2 ga Janairu. Asabar ta fari na sa uwargida ta ɗaure mini rabin kifin da ta sayo, na kama hannun yaron, muka ƙetare gada. Gabana na faɗuwa, ba zan yi ƙarya ba. Layin ya sake, amma na gane ƙofar. Na yi sallama. Wani saurayi ya fito, na faɗi sunan Babana, ya koma ciki. Jim kaɗan sai na ji muryar tsohuwa tana kiran sunana na yarinta, wanda ba mai kirana da shi yanzu.

Na durƙusa na ce, "Inna, mun same ku lafiya? Ina Baba Alhaji?" Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ɗana, ai bara waccan ya rasu. Ya sha tambayarku."

'Yan'uwa, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Mutumin da ya sa ransa a kan namu ya yi jinya, ya mutu, aka binne shi, tafiyar rabin awa daga gidana, ban ji ba, ban zo gaisuwa ba. Ba wanda ya hana ni. Inna ta jawo yaron ta zaunar da shi kusa da ita, ta ce kamarsa ɗaya da kakansa. Ta sa aka kawo fura. Da za mu tafi ta ce a shiga ɗakin ajiya a fito da wani abu. Turmin mahaifiyata ne, wanda muka bari ran da muka gudu. Ta ce, "Na ce wata rana za ku zo." A Keke Napep muka ɗauko shi, yana tsakar gidanmu yanzu.

Kalma Ga Iyaye

Ban ce a manta da abin da ya faru ba. Akwai masu karanta wannan da suka binne 'ya'ya, akwai waɗanda ba su ma sami gawar da za su binne ba, a cikin gari da ƙauyukanmu na kudancin jiha. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban kuma ce a yi ganganci ba, a san lokacin tafiya, a san wurin wanda za a. Amma kusan kowane gida da ya baro arewancin kogi yana da wani Alhaji ko wata Inna da ya bari a can, kamar yadda su ma suke da waɗanda suka ɓoye su a wannan gefe. 'Ya'yanmu sun ji labarin waɗanda suka ƙone mana gida sau ɗari. Sau nawa suka ji labarin wanda ya buɗe mana ƙofa?

Yarinyar nan ba a littafi ta koyi maganarta ba, a bakinmu ta ji, wajen cin tuwo. To, a wajen cin tuwon ne za a gyara. Ku faɗa musu sunan maƙwabcin kirki. In an yi rasuwa ko suna ko salla, ku je, ku tafi da yaro ɗaya. Zumunta a ƙafa take. Kada ku jira kamar yadda na jira.

Wanda kuma Allah ya hore masa kuɗin mota, ya kai iyalinsa Lakwaja da rani, sa'ad da ruwa ya janye. Ku hau Patti da sassafe, ku riƙe ruwan sha da gidan sauro. Zumuntar mata da ta matasa ma suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mota guda.

Da aka koma makaranta na sake zana kogin a allo, amma wannan karo ban tsaya a Kaduna ba. Na ja shi har Patigi, har Lakwaja, har teku. Na kira yarinyar nan na ba ta alli, na ce ta nuna mini inda iyakar take. Ta bi layin da yatsa daga sama har ƙasa, ta ce, "Malam, ai wucewa yake yi."

Ku sa mu cikin addu'a, mu malaman 'ya'yanku. Ku yi addu'a kuma domin Inna da gidanta. Allah ya ba garinmu salama, amin.